Fadamar da Aka Ci a Dara

Ni da kuke gani, tun da na fara kasa dara ba a taɓa cina ba, ko da wasa. Saboda haka in na ce muku dara muguwa ce, ku yarda. Gurbi talatin a ƙasa, wannan da tsinke sha biyu, wancan da tsakuwa sha biyu, ka jera uku ka ɗauke ɗan abokin wasanka. Kafin koko ya huce an koya maka. Kafin ka iya kuwa, gemu ya yi fari.

A wani ƙauye na bakin gulbi, wani baƙo kyakkyawa, mai kaifin basira, ya zauna dara da Baba Jatau. Tsoho ya sa fadamarsa a caca, aka cinye. Kafin kaka baƙin ciki ya kai shi kabari. Baƙon nan, da yake mutumin kirki ne, ya ce wa 'ya'yan mamacin uku duk ranar da suka ci shi sau ɗaya, fadama ta koma hannunsu.

Babbansu, Shekarau, ya tare a gindin tsamiyar da ake dara. Shekara tara ana lallasa shi, yana ƙura wa gurabe ido cikin rana, har ya haddace dabarun baƙon kaf. Ya gama haddacewa ke nan, idon ya tafi.

Na tsakiya, Nomau, shi ya yi ta ƙodago a gonakin mutane yana ciyar da gidan. Bayansa ya ranƙwafa, matarsa ta gaji ta koma gidansu.

Na ukun, Cindo, ƙato ne amma dara ba ta taɓa shiga kansa ba. Ranar karawa shi ya zama idon wansa, yana faɗa masa inda 'ya'yan dara suke, yana matsar masa. Wasa ya yi zafi, hannunsa na rawa ya taɓa tsinken da ba a ce ba. A dara kuwa, abin da ka taɓa shi za ka matsar.

Shekarau ya ce, "Wayyo, ɗan'uwa, ka kashe mu!"

Ashe wautar ta yi yawan da babu gwanin da ya taɓa shirya mata. Na duba, na sake dubawa, gumi ya karyo mini... wato ya karyo wa baƙon. Shekarau ya lalubo ƙofar da ta buɗe, cikin tafiya huɗu ya gama da shi.

Suka je karɓar fadama, suka tarar gulbi ya cinye ta, sai ɗan tsirin ƙasar da ba zai ciyar da mutum biyu ba.

Na'am, Malam Sallau? Wai gumin wa ya karyo? Wai ai ƙauyen kakanninka ne, ka ma gane ni? Haba Malam, kuskuren hannu ai ba ci ba ne! Ka bar tone-tone, ku ba ni amsa.

Ga makaho, ga mai doro, ga wawan da hannunsa ya yi rawa. Wa za a bai wa ɗan tsirin nan, su wa za a bari da yunwa?