Kogon da Ya Ajiye Kiran Inna

To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce wai ita Zulai. 'Yar fari ce wurin uwarta. Kun san kunyar mutanen da, ba irin iyayenku na yanzu masu rangaɗa wa ɗan fari suna a tsakiyar kasuwa ba. Tun da aka haifi Zulai, Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai "ke", sai "yarinyar nan". Har Allah ya karɓi ran Inna. Zulai ta yi aure a birni, ta yi furfura, abin nan yana cin ta a rai.

A bayan ƙauyensu akwai wani kogon farar ƙasa. Duwatsu sun zubo daga rufinsa kamar nonon saniya, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Can Inna take ɗebo ruwa a da. Yanzu kuwa ya zama wurin yawon buɗe ido, motoci sai sauke baƙi suke.

Ran nan Zulai ta zo ganin gida, sai gwaggonta ta ce, "Zulai, uwarki in ta shiga kogon nan takan daɗe ita kaɗai. Kuma an ce kogon ba ya yar da muryar da aka zuba masa."

Ai Zulai ba ta iya cin tuwo ba ranar. Sai ta bi motar masu yawon buɗe ido. Jagora ya haska tocila, aka shiga. Wannan ya kwarma ihu, kogo ya mayar masa. Wancan ya yi kukan jaki, ƙato da gemunsa, kogo ya mayar masa. Zulai ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai shirme.

Sai wani tsohon Jemage ya leƙo daga rufi, ya ce, "Baiwar Allah, kowa baki ya kawo, ke kin kawo kunne. Me kike nema?"

Ta ce, "Muryar Innata."

Ya ce, "Kogon nan rumbu ne. Abin da aka zuba ƙarshe shi ke sama. Sai an yi shiru na ƙasa zai fito."

Sai ta koma gida, zuciya ba daɗi.

Kashegari sai ta sake dawowa. Ta tarar da wasu 'yan birni suna ta ɗaukar hoto. Ta ce, "Don Allah 'ya'yana, ku ɗan yi mini shiru."

Suka ce, "Haba Baba, tun daga nesa muka zo don mu ji amsa-kuwwa!" Suka bushe da dariya. Kogo ya haɗiye dariyar, ya ɗora a kan ta jiya.

Jemage ya ce, "Kin gani? Ƙara binne ta suke yi."

Zulai ta fita tana share hawaye da bakin mayafi.

Sai damina ta sauka, hanya ta caɓe, ba motar da ke zuwa. Zulai ta tuɓe takalmi ta taka da ƙafa. Ta shiga can ciki, ta zauna kan dutse mai sanyi.

Jemage ya ce, "Yau kam za ki ji. Amma murya in ta fito ba ta komawa. Kuma kika yi magana, taki za ta rufe saura. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai.

Sai kogo ya fara amayo abin da ya ci. Ihun baƙi ya fito ya wuce. Kukan jakin nan ya wuce. Kirarin maharba ya wuce. Hirar 'yan matan da suka daɗe a kabari ta wuce. Sai tsit. Sai ta ji an ajiye tulu. Sai ta ji tarin da ta sani.

Sai murya ta ce, a hankali, kamar mai tsoron a kama ta, "Zulai."

Wayyo! Zulai ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Zulaina."

Ta ciji yatsa. Ashe nan Inna take zuwa ta faɗi sunan da kunya ta hana ta faɗa a gida.

"Zulai, 'yata, ina..."

Ku gaya mini, wa uwarsa za ta kira sau uku ya yi shiru? Zulai ta ce, "Na'am, Inna! Ga ni!"

Shi ke nan. Kogo ya haɗiye amsar, ya rufe saura. Sai ɗis, ɗis na ruwa.

Jemage ya ce, "Kash! Kin yi wa kanki. Da sauran magana."

Zulai ta miƙe tana kuka tana murmushi. Ta ce, "Bar shi, Malam Jemage. Ta daɗe tana kira a nan ba mai amsawa."

Har yau in baƙi sun gaji da ihunsu sun yi shiru, sukan ji wata tsohuwa can ciki tana cewa, "Na'am, Inna."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Wanda ba ya faɗin sunanku a gaban mutane, kada ku ce ba ya son ku. Kuma in uwarku ta kira, ku amsa tun tana ji.