Sai Mai Asusun Da Kansa

A wani kamfanin intanet akwai wata ma'aikaciya da ake yi wa laƙabi da Bakin Zuma. Aikinta amsa wayar masu son barin kamfanin. Aibinta kwaɗayi, don ana ƙara mata kuɗi kan duk wanda ta hana tafiya. A kwamfutarta akwai zaɓi biyu, "soke" da "dakatar". Wanda aka soke ya rabu da su ke nan. Wanda aka dakatar kuwa, ana ci gaba da cire rabin kuɗin daga katinsa na banki duk wata. Mutane ba su san bambancin ba, ita kuwa a nan take cin abinci.

Wata safiya wani dattijo, tsohon tela, ya kira.

"'Yata, ki dakatar mini da abin nan. Matata ce mai amfani da shi, ta rasu. Kuɗin na magani ne yanzu."

Ta san sarai abin da yake nufi. Amma ta ce, "Baba, sokewa akwai tara, dakatarwa kyauta ce." Ƙarya ce, wa'adin yarjejeniyarsa ya cika tuni.

"Ba za su sake taɓa katina ba ko?"

"Kwantar da hankalinka, Baba."

"Allah ya tausaya miki kamar yadda kika tausaya mini."

Ta ce amin, ta danna "dakatar". Ta juya wurin abokiyar aikinta tana dariya: "Da bakinsa ya faɗa, ni me nawa?"

Bayan wata tara, wata mata ta shigo ofis, ta ajiye tsohuwar waya a kan teburinta.

"Ta mahaifina ce. Kwanansa arba'in da rasuwa, har jiya saƙon cire kuɗi ya shigo. Idonsa ba ya ganin rubutu. Sau uku katinsa yana ƙi a kantin magani, sai ya koma raba ƙwaya gida biyu, bai gaya wa kowa ba. Ku soke."

Bakin da ya saba ya riga hankali. "Ai doka ce, sai mai asusun da kansa ya..."

Manaja ya binciko muryar kiran dattijon nan da aka naɗa, ya kunna. Aka ji mamaci yana addu'a, ita tana amsawa da amin. Aka mayar da kuɗin, aka sallame ta.

Korar ba ta dame ta ba kamar addu'ar. Ta nemi gidan, ta durƙusa a ɗakin da keken ɗinkinsa yake lulluɓe da zane.

'Yar marigayin ta ce, "Ban ce ke kika kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Nawa na yafe. Nasa kuwa, sai mai asusun da kansa."

Har yau in wani ya sa mata albarka, sai ta ji muryar telan, amin ya ƙi fita.

Darasin a fili yake. Kada ka ɓuya a bayan kalma ka ci haƙƙin wanda ya amince da kai. Kuɗi ana mayarwa, aiki ana samun wani. Amma yafiya a hannun wanda aka zalunta take, ka neme ta tun yana iya amsa maka.