Zomo Ya Koya Wa Karnukan Jatau Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka takure a bakin wuta.

Ta zo mu ji ta, ko ma ji ɗumi.

A wani gari an yi wani maharbi ana ce masa Jatau. Shi ke riƙe da ƙahon farautar garin, shi ke busawa a fita, shi ke busawa a dawo. Duk ƙarshen sanyi kuwa ana yin babbar farauta. In mai ƙaho ya tashi hannu Rabbana, nan bakin daji za a cire ƙahon daga wuyansa a rataya wa wani. Shekara tara ƙahon nan na wuyan Jatau. Kada ku ce gwaninta ce, albarkacin karnukansa uku yake ci: Duna, da Kyalla, da ƙaraminsu Guntu.

Sai wata shekara aka yi sanyi, irin wanda mutum zai tsaya gaban buta yana shawara da ita. Jatau kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar sanyi. Sai ya shige ɗaki, ya ja bargo har hanci, ya sa kaskon wuta a gaba.

Karnuka suka kwanta cikin tokar murhu. Kwana uku suka gaji da kwanciya, suka shiga neman abin yi. Duna ya tauna igiyar guga. Kyalla ta tone gindin rumbu. Guntu ya fafari kaji har zakara ya wuni a kan danga.

Sai Tabawa, matar Jatau, ta leƙa ɗaki ta ce, "Maigida, zaman banza zai haukata karnukan nan. Ka fita da su su motsa jini mana. Ga farauta saura wata guda."

Jatau ya ce, "Ni? Cikin wannan sanyi? Ke Tabawa, takaba kike marmari?"

Ashe Zomo yana bayan danga yana ji. Sai ya leƙo ta wata kafa ya ce, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mai ƙaho."

Bakan Jatau na rataye taku uku daga shimfiɗarsa. Ya dubi bakan, ya dubi bargo, sai ya ce, "Wa alaikumus salam. Me ke tafe da kai?"

Zomo ya ce, "Tausayi, ranka ya daɗe. Babban mutum kamarka bai kamata iska ta taɓa shi ba. Ni gudu sana'ata ce, karnukanka kuwa gudu suke bukata. Kullum da hantsi in zo in fita da su, in dawo maka da su harshe waje. Ladana ƙunshin harawa ɗaya, shi ke nan."

Tabawa ta riƙe baki ta ce, "Zomo ne zai horar da karen farauta?"

Jatau ya ce, "To wa ya fi shi sanin gudun zomo? Ke ba ki san aikin ƙwararru ba. Ba shi harawa." Ya ɗaga murya daga cikin bargo ya ce wa karnuka, "Daga yau ga malaminku. Abin da ya ce shi za ku yi."

Washegari Zomo ya kai su fili. Ya hau suri ya ce, "Wasan da za mu yi sunansa tsere. Kun ga tsamiyar can? Wanda ya riga isa ya zauna a gindinta, shi ya ci. Doka ɗaya ce tak: ba a taɓa Malam. Wanda ya taɓa ni ya fita daga wasa."

Sai aka zuba. Jinin farauta ya motsa wa Guntu, ya kai wa wutsiyar Zomo cafka. Zomo ya tsaya cak ya ce, "Haba Guntu, tarbiyyar gidanku ke nan? Koma can ka zauna." Guntu ya wuni a gefe yana rawar ɗari, yana kallon 'yan'uwansa na sheƙa gudu suna dariya. Kunya ta kama shi har da hawaye. Daga ranar bai sake ba.

Mako ya zagayo, Tabawa ta ce, "Maigida, ko gashin ɓera ban ga sun kawo ba."

Jatau ya ce, "Sun daina tauna igiya? Sun daina. To bar ni."

Mako na biyu Zomo ya kawo ƙannensa da 'ya'yan ƙannensa, ya ce mataimakansa ne, su ma ba a taɓa su. Aka matsar da tsere zuwa wata kuka mai nisa. Tabawa ta ce, "Maigida, ka leƙa filin nan sau ɗaya ka ga abin da ake koya musu."

Jatau ya ce, "Dubi cinyar Duna yadda ta murɗe. Aiki na kyau. Ƙaro gawayi."

Mako na uku Zomo ya gayyato Barewa, ya ce baƙuwar malama ce daga nesa. Tabawa ta buɗe baki za ta yi magana, Jatau ya juya wa bango fuska. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma bakin murhu.

Gaskiya kuwa, karnukan nan sun ji daɗin sanyin bana. Sun ci, sun yi wasa, jikinsu ya yi sumul, ba karen da ya kama ƙafarsu a gudu.

Sai ranar farauta ta zo. Jatau ya fito da riga uku a jiki, ya busa ƙaho, gari ya ɗunguma daji. Ba a jima ba zomo ya tashi. Karnukan Jatau suka cilla, suka bar sauran karnuka a baya kamar an ɗaure su. Mutane suka ɗau sowa. Jatau ya bugi ƙirji yana cewa, "Ku kalli horo! Ku kalli horo!"

Suka cim ma zomo. Sai Duna ya ratse dama, Kyalla ta ratse hagu, Guntu ya tsallake shi a hankali kada ya taɓa shi. Har ya waiwayo ya ce, "Barka da hantsi, Malam!" Suka wuce fuu, suka sami wata bishiya suka zauna suna kaɗa wutsiya. Zomo ya sosa kunne, ya faɗa rami.

Mutane suka juyo suna kallon Jatau. Jatau ya ce, "Ɗumama jiki suke yi."

Sai barewa ta tashi. Suka bi ta, suka jera da ita kafaɗa da kafaɗa, suka gaishe ta, suka wuce ta.

Na uku wani ƙaton zomo ya tashi gaban wata ramammiyar karya ta wani maharbi mai suna Barmo. Karyar nan duk sanyin nan tare da ubangidanta take yawon daji. Ta buɗe baki za ta cafke, sai Duna ya bangaje ta, ya tsaya a kanta yana huci, ya ce, "Ke, ba ki da kunya? Ba a taɓa Malam!" Duk da haka kafin la'asar karyar Barmo ta kama zomo biyu, na Jatau kuwa ko fara ba su kama ba.

Dattawan gari suka taru a bakin daji. Babbansu ya matso, ya zare ƙaho daga wuyan Jatau, ya rataya wa Barmo. Jatau ya tsaya, wuya wayam. Barmo ya busa, jama'a suka bi shi gida.

Sai ga karnuka uku sun sheƙo da murna, suka kewaye Jatau suna tsalle. Guntu ya ɗora masa ƙafa a gwiwa ya ce, "Maigida, kai ka gani da idonka. Tsakani da Allah, cikinmu wa ya zo na ɗaya?"

To kun ji. Wanda ƙyuya ta sa ya miƙa aikinsa ga mai fatan aikin ya lalace, kuma ya kasa tashi ya leƙa, za a yi masa aiki mai kyawun gani, ranar bukata ya tashi a tutar babu. Kai mai gyangyaɗi a bayan can, da kai nake.

Ƙurunƙus kan ɗan zomo, in da ƙarya a ciki ku je ku tambayi Guntu.