Ranar da Mai Saiti ya miƙa bindigarsa

Akwai wani maharbi da abokan farautarsa suke yi wa laƙabi da Mai Saiti. Shekara talatin da 'yan kai yana shiga daji, ba a taɓa jin ya saki harsashi ya tafi a banza ba.

Sai dai akwai abin da ya ɓoye wa kowa. Kusan shekara biyu ke nan yana gani dishi-dishi, kamar mai leƙe ta cikin hayaƙi. Kullum sai ya ce wa ransa gajiya ce, za ta wuce.

Wata rana da yamma, ana gobe za su fita farautar kwana uku, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje kayansa. Ga wuƙa cikin kube, ga igiya, tocila, ashana da ya naɗe a leda saboda raɓa, gorar ruwa, da tsohuwar jakar fata wadda maratayinta ya tsinke.

Yana cikin haka sai amininsa maƙeri ya yi sallama, ɗauke da bindigar da ya gyara masa kunamarta. Tare suka tashi tun suna yara, don haka ya nemi gefen tabarma ya zauna ana hira.

Mai Saiti ya ɗauki allura zai ɗinke maratayin jakar. Sau huɗu yana kai zare, zaren yana wucewa ta gefe.

"Allurar yanzu ba sa yi mata kafar kirki," in ji shi.

Maƙeri ya bi hannunsa da kallo. Can kuma ya ga abokinsa yana zuba harsasai a jaka, har da kwanso biyu da aka riga aka harba. Ya sa hannu ya tsame su a hankali, ya ajiye gefe.

Ana nan sai wani abu ya motsa can jikin katanga. Mai Saiti ya rarumi hoge zai yi jifa.

"Akuyar maƙwabtan nan ta sake shigowa."

Abin ya miƙe tsaye. Ashe matarsa ce, ta duƙa tana tsince wankin da iska ta zubar.

"Yau kuma ni ce akuyar, maigida?" ta faɗa tana dariya.

Shi ma ya yi yaƙe. Maƙeri ne kaɗai bai dara ba. Ya jira har ta shige ɗaki, sannan ya rage murya.

"Abokina, tsakaninka da katangar nan taku ashirin ne, kuma rana ba ta faɗi ba."

"To, sai aka yi yaya?"

"Yau hoge ne a hannunka. Gobe bindiga ce."

Fuskar Mai Saiti ta canza. "Kai ƙarfe ka sani, ni daji na sani. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

"Haka ne. Amma wa yake shiga gabanka cikin ciyawa yana koro maka nama? Ƙaninka ne, uban 'ya'ya biyar. Kuma a duƙe yake tafiya."

Maƙeri ya jingine bindigar da bango, ya sa takalminsa ya fita.

Mai Saiti ya daɗe zaune, hannunsa kan jakar. Ransa ya ɓaci, amma ya rasa inda zai kama ya ƙaryata maganar. Yana ta tuna ranar da mahaifiyarsu, tana kan gadon jinya, ta kama hannun ƙanin nan ta sa cikin nasa.

Matarsa ta fito, ta ɗauki allurar ta zura zare, ta fara ɗinke maratayin.

"Kin sani?" ya tambaye ta.

"Tun ranar da ka zuba gishiri a shayi, ka daure ka shanye don kada in gane."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na gwada. Ka ce wuƙarka ta fi bakina amfani."

Ya sunkuyar da kai.

Washegari ya isa inda maharba suke taruwa, jaka a kafaɗa. A gaban kowa ya miƙa wa ƙaninsa bindigar.

"Yaya, lafiya?"

"Riƙe. Idona ya yi rauni, na daɗe ina ɓoyewa. Ba zan sake ɗana kunama kuna gabana ba."

Wani ya soma zolaya cewa zaki ya zubar da haƙora, amma da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya haɗiye sauran. Babbansu ya ce, "Ido muka rasa, ba kai ba. Wa zai nuna mana mashaya in ka zauna?"

Haka ya bi su ba bindiga. Shi ya faɗa musu ta inda iska za ta juya, da kwarin da nama yake sauka shan ruwa. Suka dawo da kaya niƙi-niƙi, kowa da ƙafafunsa, aka ware masa kasonsa cif.

Bayan mako guda ya je maƙera da kansa ya ba amininsa haƙuri. Maƙeri ya rufe shago ya raka shi asibiti. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, aikin da ba ya kai awa guda, kuma da ya ƙara jinkiri da abin ya yi wuya.

Ranar da aka cire masa bandeji, matarsa ce tsaye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun kana can kana fama da girman kai," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi.

Darasi: Amincewa da rauni ba ya rage darajar mutum, ɓoye shi ne yake jawo nadamar da ba ta da magani. Wanda ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci shi ne masoyinka, kada ka kore shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake riƙe da abin da ya kamata ya ajiye.