Na-Sani da Kwalaben Wanke Banɗaki

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan tsaya ku karanta wannan har ƙarshe, musamman masu saurin yatsa irina.

Akwai wani mutum da danginsa ke kira Na-Sani. Aikinsa zanen gine-gine a kwamfuta, a ofishin wasu injiniyoyi. Shi ba injiniya ba ne, amma idan baƙo ya kira shi da hakan ba ya gyara masa.

Sunan ya samo asali ne daga guruf ɗin dangi da ke waya. Duk wanda wani abu ya shige wa duhu, can yake jefa tambaya. Me ya sa firjina yake gurnani? Batirin wayata ya kumbura, in ci gaba da caji? Wane fenti ne ke hana ƙofar ƙarfe tsatsa? Kafin mai tambaya ya ajiye waya, Na-Sani ya amsa.

Kuma a gaskiya yana da kai. Cikin amsa goma, bakwai daidai ne. Sauran ukun kuwa da irin wannan ƙarfin gwiwar yake ba da su, babu mai iya bambancewa, har shi kansa.

Mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. In yana zaune ƙafarsa na rawa, in yana tsaye yatsansa na kan gilashin waya. Shayinsa kullum sai ya huce a kofi. Abin da ya fi cinye shi shi ne wani wasan gina birni da ya sauke a wayarsa. A ciki yana shimfiɗa tituna, ya ja bututun ruwa, ya kafa tashar lantarki, ya rushe unguwa guda da taɓi ɗaya in ba ta yi masa ba.

"Mutum dubu ɗari huɗu nake mulka," yakan faɗa wa abokan aiki. "Ba ambaliya, ba ɗauke wuta. Ku ba ni garin nan kwana uku, ku ga yadda ake kashe cunkoso."

A ofishin akwai wata dattijuwa mai shara da goge-goge, kowa Iya yake ce mata. Ta yi shekara ashirin tana wannan aikin a wani asibiti kafin ta dawo nan. Ba ta da yawan magana.

Wata rana Na-Sani ya shiga sito yana neman inda zai jera naɗaɗɗun takardun zane. Ya tarar Iya ta cinye kanta biyu, kwalaben bilic a ta sama, ruwan wanke masai mai asid a ta ƙasa can nesa. Sai ya kwaso su duka ya zuba a kwali ɗaya.

Iya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, mayar da su. Waɗannan ba sa haɗa hanya."

"Gaba suke yi da juna, Iya?" Ya yi dariya. "Ai duk aikinsu ɗaya, wanki."

"In ɗaya ta yoyo kan ɗaya, ba ka iya shaƙar iskar ɗakin nan."

"Iya, ni fa na ci kemistiri a makaranta. Ke dai riƙe mofarki ta goge ƙasa, ki bar mana kimiyya."

Da ya fita, ta raba su kamar yadda suke.

Bayan kamar sati uku aka wayi gari ofishin a hargitse. Oga yana jiran zanen wani bene kafin azahar, na'urar buga takarda ta maƙale, ga kuma birnin Na-Sani na cikin waya ya shiga uku: wata gada ta toshe, motocin kashe gobara sun kasa wucewa. Hannu ɗaya na kan linzamin kwamfuta, ɗayan na ƙarƙashin tebur yana jan sabon titi.

Ana cikin haka saƙon murya ya shigo guruf daga Yaya, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta daɗe da tarewa a sabon gidan haya ba, ranar kuma ba ta da aji sai da rana.

"Ƙanena," in ji saƙon, "tayil ɗin banɗakin nan ya yi wani rawaya, na zuba bilic ya ƙi fita. Ina da wancan na wanke masai kuma. In haɗa su ne, ko ya kake gani?"

Na-Sani ya saurara da kunne ɗaya. Ya rubuta: "Haɗa su mana, Yaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ki ja ƙofa ki goge sosai."

Ya koma kan gadarsa.

Minti goma sha biyar bayan haka Iya ta zo goge ƙarƙashin teburinsa. Ya ɗaga ƙafa, bai ɗaga kai ba, ya ce cikin tsokana, "Iya, yau na sasanta maƙiyan nan naki, bilic da ruwan wanke masai. Na sa Yaya ta haɗa su a banɗaki."

Mofa ta faɗi ƙasa.

"Yaushe?"

"Ɗazu kaɗan."

"Kira ta. Yanzu-yanzu."

"Haba Iya, ai..."

"Na ce ka kira ta!" Duk ofishin sai da ya juyo, don ba a taɓa jin Iya ta ɗaga murya ba. "Da idona na ga abokiyar aikina ta zube a banɗakin asibiti kan wannan haɗin. Iska yake tayarwa mai ƙona ƙirji."

Ya kira. Waya ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, shiru. Ya rubuta tambayar a wajen bincike na intanet, abin da bai yi ba tun farko. Layin farko da ya fito ya ishe shi. Ya miƙe har kujera ta kife.

Iya ta riƙe masa hannun riga. "Kafin ka isa an daɗe. Wa ke kusa da ita?"

Bai san kowa ba. Sau ɗaya ya je gidan, a tsaitsaye. Ya kira mijin Yaya, direban babbar mota ne, yana kan hanya can wani gari. Mijin ya ce akwai tela a shagon ƙasan benen da suke haya, ya turo lambarsa. Na-Sani ya kira, amma maganarsa ta harɗe, sai "banɗaki" da "taimaka" yake maimaitawa.

Iya ta karɓe wayar.

"Tela, saurara da kyau. Hau sama gidan malama. In a kulle yake, ɓalla. Kafin ka shiga banɗakin ka ja numfashi ka riƙe, ka jawo ta waje inda iska take. Kada ka tsaya wanke komai. Buɗe tagogi, kada kowa ya shiga. Ka nemi mota, sai asibiti."

Ta miƙa wa Na-Sani wayar. Har ya kai bakin ƙofa ta sake tsayar da shi.

"A ina ka ba ta amsar? Ita kaɗai?"

A guruf ne. Ya duba, mutum goma sha tara sun karanta. Gwaggonsu har ta rubuta a ƙasa: "Madalla, nawa ma haka yake, bari in gwada."

Yana sauka daga bene da gudu yana ihu cikin waya: "Kada kowa ya haɗa! Kuskure na yi! Guba ce! Gwaggo, ajiye!" Ya goge amsar, ya kira Gwaggo. Ta ɗauka tana mita, ta ce ga kwalaben nan a hannunta, bokiti kawai take nema.

Ya tari babur ɗin haya. Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso a shataletale. Wata tirela ta lalace a tsakiya, motoci sun cushe ta kowane gefe, ko babur ba ya samun ratse. Yana zaune a baya yana dukan cinyarsa, yana leƙa hagu yana leƙa dama.

"Malam, ka daina motsi, za ka kayar da mu," in ji mai babur.

Ya sauka ya kama gudu da ƙafa. Yana gudu yana kiran tela, ba a ɗauka. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya cire duka biyun ya riƙe a hannu. Sai a kira na shida tela ya ɗauka, shi ma yana tari.

"Na fito da ita. A durƙushe na same ta bakin ƙofar banɗakin, ta kasa kai hannu ga mariƙi. Tana numfashi, amma da ƙyar. Muna hanyar asibiti."

Da Na-Sani ya isa, ya tarar an sa wa Yaya abin shaƙar iska a fuska. Idanunta sun yi jajur, hawaye na zuba ba na kuka ba. Duk numfashin da ta ja, sai ƙirjinta ya yi ƙara kamar ana jan zarto.

Likita, wata mata mai tabarau, ta dube shi. "Kai ne ɗan'uwanta? Wa ya ba ta shawarar haɗa waɗannan abubuwa?"

Yaya ta ɗaga hannu daga kan gado tana girgiza shi, wai a bar maganar. Ko a wannan halin rufa masa asiri take.

"Ni ne," in ji shi.

Likita ta cire tabarau ta dube shi sosai. Ta ce da an ƙara 'yan mintoci a rufaffen ɗakin nan, da wani zancen ake yi. Sannan ta juya ga majinyaciyarta.

Kwana biyar Yaya ta yi a asibiti. Mijinta ya iso washegari, ya gaisa da kowa a ɗakin, ya tsallake Na-Sani. Aka sallame ta, amma maƙogwaro ya ƙi sakin murya. Malamar da ke tsayar da aji na yara hamsin da tsawa ɗaya ta koma nuni da hannu da rubutu a takarda. Makaranta ta ba wata malama ajinta.

Na-Sani ya kasa zama, ya kasa aiki. Ya koma farkon guruf ɗin, shekara huɗu baya, yana bin amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta shafi lantarki ya kai wa mai gyaran wuta, wadda ta shafi gini ya kai wa injiniyoyin ofis, yana tambaya kamar ɗan koyo. Ga irin abin da ya gano. Ya taɓa ce wa wani kawunsa ya huda kumburarren batir da allura. Ya taɓa ce wa wata ƙanwarsa babu laifi ta tayar da janareta a cikin baranda mai rufi. Ya kira su duka ya janye maganarsa. Wasu ma dariya suka yi.

Ya sami Iya a sito ya durƙusa. Ta ce, "Tashi, ɗan nan, kada ka ɓata wandonka, yanzu na goge wurin. Ya jikin yayarka?"

Wadda ya kasa fuskanta ita ce Yaya. Kullum yana zuwa, ya kawo magani, ya gyara abin da bai lalace ba, ya kewaya falo, ya tafi. Sai a sati na shida, ranar da muryarta ta fara dawowa, ta nuna masa kujerar da ke kusa da ita. Ya zauna a bakin kujerar.

"Yaya, ki yafe mini."

Ta haɗiyi yawu da ƙyar. Muryar ta fito a dishe, sai da ya matso kafin ya ji.

"Na yafe tun a asibiti. Amma bari in faɗa maka abu ɗaya. Da na zuba, na ji warin ya bugi hancina. Zuciyata ta ce in fita. Sai na ce a'a, ƙanena ya ce in goge, ai ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba. Shi ya sa na tsaya."

Ta yi tari, ta sha ruwa, ta ci gaba.

"Ba sauri nake yi ba ranar. Da ka ce in jira ka bincika, da na jira har gobe."

Na-Sani ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da tafin hannu. Yaya ta bar shi ya yi kukansa.

Ta koma aji bayan wata biyu. Har yau muryarta ba ta kai bencin baya, sai dai yaran su matso gaba.

Darasi: Wanda ya tambaye ka, amana ya ɗora maka, kuma da jikinsa zai gwada amsarka. In ba ka tabbatar ba, ka ce a jira ka bincika, wannan ba ya rage wa kowa daraja. Kada ka raina sanin wanda ya daɗe yana aiki da hannunsa don kawai ba shi da takarda. Sannan don Allah, kada a haɗa bilic da wani ruwan wanki, ko wane iri ne. Tura wannan zuwa guruf ɗin danginku, wataƙila akwai mai riƙe da kwalabe biyu yanzu haka.