Ranar Da Injin Hudu Ya Ƙi Mutuwa

Ku aje wayoyin nan ku matso kusa, don wannan labarin sai na gama shi ne aikinku zai fara.

A Funtuwa an yi wani tsohon bakanike, Baba Jatau. Shekara arba'in yana kwance injin manyan motoci yana ɗaurawa, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi masa da hannu da ƙafa, ya nauyaya masa harshe. Gareji ya koma hannun Hudu, ɗan da shi kaɗai Allah ya bar masa. Kullum da safe akan kawo tsohon a zaunar a kan benci ya yi ta kallo, in an yi ba daidai ba ya buga sanda.

Shi kuwa Hudu tseren mota ne ya shiga ransa. Ya samo wata 'yar ƙaramar mota mai shan gas, ya cire kujeru da duk wani tarkace, ya ce da ita zai shiga tseren da ake yi a wani fili bayan gari. Wata biyu shi da abokin aikinsa Isyaku suna kan injin. Suka wargaza shi kaf, suka sa sababbin fistin, suka sauya turbo, wato 'yar fankar nan mai kamar katantanwa da ke ɗura wa inji iska, domin tsohuwar ta lalace tana ta amayar da baƙin mai.

Ranar tayarwa, da hantsi, motar na kan jak biyu, tayoyin gaba a cire. Bugu ɗaya ta tashi. Hudu ya shige ƙarƙashinta don ya duba ko mai na ɗiga, ya ce wa Isyaku ya ɗan taka totur. Isyaku ya taka, ya ɗaga ƙafa, inji bai sauka ba. Sai ma hawa ya yi ta yi, yana wata irin ƙara da ke shiga har cikin haƙori. Isyaku ya zare makulli, ga shi a hannunsa kowa na gani, inji na ci. Wani ya fizge wayar batir, a banza. Inna lillahi! Farin hayaƙi ya turnuƙe garejin. 'Yan kallon nan da tun safe suke ba da shawarar da ba a tambaye su ba, kafin ka ce kwabo sun tsallake kwata.

Baba Jatau ya san abin, ya taɓa ganinsa sau ɗaya a wata tirela. Injin ya daina shan gas, baƙin mai yake zuƙa, kuma ba makullin da zai kashe shi. Haka zai yi ta hawa har ƙarfen cikinsa ya karye ya faso ta ƙasa, daidai inda fuskar ɗansa take. Ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Yana ji yana gani jak ɗaya ya yi ta tafiya da kansa a kan siminti har ya zame, motar ta karkata ta danne ƙirjin Hudu. Wallahi tsohon nan bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Wanda ya fara isowa Haladu ne, mai faci a bakin garejin, ƙaton mutum da ke ɗaga tayar tirela shi kaɗai. Bai san komai a kan inji ba. Ya durƙusa ya cusa bayansa ƙarƙashin gefen motar ya yunƙura. Bai iya ɗaga ta har a jawo Hudu ba, amma ya ɗaga ta daidai yadda numfashi zai shiga. Ƙarfen yana karkarwa yana cin naman bayansa, jini na bin ƙugunsa, bai motsa ba. Da ya saki ko na ƙiftawar ido ne, da haƙarƙarin Hudu ya rugurguje.

Na biyu Isyaku ne. Cikin masu ƙafar gudu shi kaɗai ya gane cewa sai an shaƙe injin, an hana shi iska. Ya kutsa cikin hayaƙin ya fizge tiyon da ke bakin turbo, ya cusa tsumma. Ta haɗiye. Ya tuɓe rigarsa ya cusa, ta yayyage ta. Da ya rasa abin sawa sai ya ɗora tafin hannunsa, fankar ta sare masa yatsu biyu nan take. Bai janye ba. Gudun injin ya ɗan ragu, shi kuma yana ta ihu a kawo masa wani abu mai faɗi. To wa zai kawo? Kowa na can tsallaken titi ya ɗora hannu a ka.

Na uku, ku ji ikon Allah, Zubairu ne mai shayi, mutumin da ko salansar babur ta yi ƙara sai ya zubar da madara. Shekara guda ba sa ga maciji shi da Hudu, saboda baƙin man garejin da ke gangarawa ƙarƙashin teburinsa. Ya riga ya gudu tare da jama'a. Da ya ji abin da Isyaku ke nema sai ya juyo, ya fizgi murfin tukunyar ruwan zafi, ya shiga hayaƙin ido rufe yana salati, yana lalube har ya kai. Ya kifa murfin a bakin turbo. Iska ta zuƙe shi har ya lotsa, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Sannan ne fa jarumawan tsallaken titi suka dawo a guje, aka ɗaga mota aka jawo Hudu, haƙarƙari uku a karye, amma da ransa.

A asibiti Isyaku ya durƙusa gaban Baba Jatau da hannu a naɗe, ya faɗi abin da ba wanda ya tambaye shi. Akwai wani akwati mai kamar lagireto da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji. Hudu ya sa shi ya wanke cikin akwatin, shi kuwa bayansa kawai ya goge ya ce ya wanke. Man tsohuwar turbo na kwance a ciki, shi injin ya zuƙa. Da ya yi shiru, har abada ba mai sani.

Ana cikin haka labari ya isa gida a karkace, aka ce wa Saratu matar Hudu mijinta ya mutu. Tana da tsohon ciki, naƙuda ta taso mata a tsaye. Kafin magariba ta haifi ɗa namiji.

Da aka gaya wa Hudu, sai ya kamo hannun mahaifinsa ya ce, “Baba, ni ƙasan mota kawai na gani, kai ka ga komai. A cikin su ukun nan za a yi wa yaron nan takwara. Kai za ka zaɓa.”

Kwana shida tsohon yana juya maganar. Haladu ya riƙe masa ɗa da ƙashin bayansa, kuma likita ya ce shi da ɗaga tayar tirela har abada. Isyaku ne ya jawo abin, amma ba don saninsa ba da Haladu ya yi ta riƙo har injin ya fashe a kansu su biyu, ga yatsu ya bayar, ga gaskiya ya faɗa. Zubairu ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai shi ne ya riga ya tsira ya dawo saboda mutumin da ba ya amsa masa sallama, kuma a hannunsa injin ya mutu.

Gobe suna. Rago na ɗaure, liman na jira a raɗa masa a kunne, yaro kuwa ɗaya ne. To, ku da ba a kayar da ku a musu, ku gaya wa Baba Jatau: Haladu, ko Isyaku, ko Zubairu, sunan wa ya kamata yaron nan ya ci?