Siminti a Cikin Akwatin Wuta

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun lokacin da kwamfutar tebur ta fara shiga hannun talaka. Sunansa Gwadabe. Yana da 'yar rumfa a layin masu kwamfuta cikin kasuwa, sana'arsa harhaɗawa: ya sayo wannan, ya sayo wancan, ya ɗaura su a gida ɗaya, a kunna ta tashi. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ku saurara ku ji abin da ya same shi.

Cikin kowace kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe da ke karɓar wuta daga bango, ya tace ta, ya rarraba wa sauran kayan. Akwatin wuta ke nan. In nagari ne, ko wuta ta zo da hauka shi zai tare ta. In na banza ne, ran da zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ƙone duk abin da ke jone da shi. A layin su Gwadabe kuwa hanyar gane nagari guda ce: a ɗaga a ji nauyi. Mai nauyi an cika shi da kayan kirki, mara nauyi holoƙo ne. Haka suka koya, haka suke yi.

Wata rana sai ga wata yarinya, Rahinatu, tare da yayanta Nafi'u, daga wani gari can gaba. Sana'arta ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, inda namiji ba ya shiga. Da ita take riƙe da tsohuwarsu. Tana son kwamfutar da za ta riƙa zuba bukukuwan a ciki tana tacewa. Idonta ya faɗa kan wani gidan kwamfuta mai fitilu ja da kore.

"Baba, wannan nake so."

"'Yata, fitila ado ce. Ki ɗauki gidan nan mara kwalliya, mu sa ƙarfinmu a akwatin wuta. Bikin mutane za ki ajiye a ciki, kuma ba a sake biki don bidiyo ya ƙone."

Ya jawo wani sabon kwali da dila ya kawo wa layin, ya ɗauki akwati a hannun dama, ya ɗauki wani tsohon akwati a hagu, yana jinjina su.

Rahinatu ta yi dariya. "Baba, sai ka ce mai zaɓen kankana."

"Karɓi ki ji."

Ta karɓi sabon, hannunta ya yi ƙasa. Nafi'u ya ce, "Malam, ka tabbata? Abincin gidanmu ne fa."

"Na tabbata. Ku tafi da shi a kan maganata."

Ku riƙe wannan: a kan maganarsa suka tafi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Gwadabe yana jera kaya a kan kantar rumfarsa sai wani akwati daga cikin kwalin nan ya suɓuce masa. Ya daki ƙasa, murfin ya ɓalle, wani abu ya gangaro har bakin ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Dunƙulen siminti ne, an manne shi a ciki don nauyi. Sauran cikin akwatin kuwa, 'yan wayoyi ne sirara kamar zaren ɗinki.

Ya jawo kwalin gabansa. Ya buɗe wani, siminti. Ya buɗe wani, siminti. Daga kwalin nan mutum ɗaya ya sayar wa, Rahinatu.

Maƙwabcinsa Sallau ya leƙo, ya gani, ya yi maza ya saki labulen rumfar.

"Mutumina, mayar da shi ciki. Duk layin nan a wurin dila ɗaya muka sara. Ni na sayar da nawa sun kusa ƙarewa. In maganar nan ta fita, wa zai sake taka layin nan?"

"Yarinyar nan fa?"

"Wace yarinya? Ta tafi garinsu. In ya ƙone, wutar NEPA ce ta ƙona shi. Wa bai san halin wutar ƙasar nan ba? Kai ma cutarka aka yi, ba da saninka ka sayar ba."

"Jiya ban sani ba, Sallau. Yau na sani."

"To ka san da 'ya'yana kake wasa."

Kada ku yi saurin zagin Sallau, jama'a. Mai iyali ne, tsoro ya kama shi, kuma da yawa cikinmu maganarsa za mu yi. Shi kansa Gwadabe sai da ya zauna a kan benci ya riƙe kai, don ya san gaskiyar Sallau: ba wanda zai taɓa ganewa.

Ya kira wayar Rahinatu, ba ta shiga. Ya sake kira, ba ta shiga. Ya duba rumfarsa, babu akwatin da zai iya rantsuwa a kansa sai guda: na cikin kwamfutarsa ta aiki, wanda ya yi shekaru yana shan wutar kasuwa bai taɓa tari ba. Da ita yake gwada kayan mutane. In ya cire, aikinsa ya tsaya. Ya ɗauki sukundireba ya kwance shi, ya naɗe a buhu, ya nufi tasha.

Bayan la'asar ya isa garin. Da tambaya ya gano gidan, ya yi sallama a zaure. Tsohuwar ce ta fito.

"Inna, ki ce wa Rahinatu ta kashe kwamfutar nan yanzu, ta zare ta daga bango. Mai haɗa ta ne."

Can sai ga Rahinatu da mayafi a karkace, Nafi'u na biye da ita ɗauke da kwamfutar.

"Baba, lafiya? Dama tun safe take mutuwa da kanta, kuma ina jin wani ƙauri. Na ɗauka ƙaurin sabunta ne."

Gwadabe ya durƙusa a kan tabarma ya kwance akwatin. Ƙarfen ya yi zafin da sai da gefen rigarsa ya riƙe shi. Ya buɗe a gabansu. Ga siminti, ga wayoyi sun fara narkewa sun yi baƙi.

Nafi'u ya cakumi wuyan rigarsa. "Au, dutse ka sayar mana? Kai da furfurarka? Ba kai ka ce mu tafi a kan maganarka ba?"

"Ni na ce. Shi ya sa na zo."

"Macuci kawai."

"Ka sake ni in ɗaura mata wannan tukuna, sai ka ci gaba."

Tsohuwar ta ce, "Nafi'u, sake shi. Macuci ba ya biyo mutum har gida da kuɗin motarsa."

Ya sake shi yana huci. Gwadabe ya ɗaura nasa akwatin, aka jona, aka kunna. Shiru. Rahinatu ta dafe ƙirji. Sai fanka ta juya, allo ya kawo haske. Ta buɗe bukukuwan ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Gwadabe kuwa, ko ruwan da aka kawo masa bai tsaya ya shanye ba, ya koma tasha.

Kuna jiran in ce ya yi arziki ko? Bai yi ba. Nafi'u ya baza labarin, masu saye suka yi ta dawo wa 'yan layi da kaya, 'yan layi suka daina amsa gaisuwarsa. Aka tashe shi daga rumfarsa, ya koma can ƙarshen kasuwa kusa da masu gawayi. Ya yi haƙuri, bai kai ƙarar kowa ba.

Amma ku ji abin da shi bai taɓa sani ba. Cikin bukukuwan nan akwai na wata amarya da mahaifiyarta ta rasu ba a daɗe da kai ta ɗaki ba. A bidiyon nan kaɗai muryar uwar ta rage a duniya, tana riƙe da hannun 'yarta tana sa mata albarka. Har yau in kewa ta dame ta, sai ta kunna ta ji. Ba ta san wani Gwadabe ba, shi ma bai san ta ba. Wanda ya san su duka biyun, Shi zai biya.

To, 'yan'uwa, amana ba ta ƙarewa ran da mai saye ya juya baya. Kuskure kowa na yi, ba a nan jarrabawar take ba. Jarrabawar tana ranar da ka gano kuskurenka, kai kaɗai, kuma ga wanda za ka ɗora wa laifin. Magini, ka san ginin da ka rage wa rodi. Bakanike, ka san motar da ka sallama birkinta bai kama ba. Mai kemis, ka san maganin da ka lura kwanansa ya wuce bayan ka miƙa. Mutanen nan suna raye, kuma kun san hanyar gidajensu. In mun shafa addu'a, kada ku wuce gida. Ku fara zuwa can.